Makullin Ɗakin Shiru

A tuddan arewacin Ingila ruwan sama ba ya sallama.
Ran Lahadi nakan hau keke, rigata sharkaf,
in jingine shi jikin katangar duwatsu
inda tumakin Dinsdale ke leƙo kai
kamar su ma an gayyace su.

Mu goma sha ɗaya ne a taron Abokai,
waɗanda mutanen gari ke kira Kweka.
Tara furfura ta cinye kansu.
Sai ni mai ashirin da huɗu,
sai Osian, in aikin dare ya sake shi.

Ba mai wa'azi, ba mai ba da waƙa.
Benci huɗu suna kallon juna,
tebur a tsakiya, kwalba da furen jeji.
Awa guda cur, ba wanda ya ce uffan.
Farkon zuwana na ƙirga allunan rufi,
na ƙirga tarin tsoho Thwaite,
waya na motsi a aljihuna kamar ɓera a buhu.
Sai da na shekara kafin shirun ya daina cizona.

Da aka rufe gidan burodin da nake aiki,
uku daga cikinsu suka zauna da ni a kicin ɗin Hesper.
Na zo da kunne a buɗe, ina jiran a ce yi kaza.
Ba su ce ba.
Tambaya kawai, sai shiru, sai wata tambayar:
wane aiki ne in kina yi ba kya duba agogo?
Wa kike tsoron ki ba kunya?
Na ji haushi har shayina ya huce.
Washegari na tarar da ambulan ƙarƙashin ƙofa,
kuɗin hayar wata biyu, ba suna, ba wasiƙa.

Sai rufin ɗakin taro ya fara yoyo.
Abin da ke asusu bai taka kara ya karya ba:
ko a biya mai gyara,
ko a sa mu biyu a jirgin ƙasa zuwa taron matasa.
Su ba sa ɗaga hannu a ƙirga,
zama suke yi har magana ta nuna.
Can Winifred, mai tamanin da takwas,
ta dafa sanda ta miƙe:
rufi benci yake karewa, in ji ta,
to wa zai zauna a bencin?
Aka kawo bokiti.

A can muka tarar da ire-irenmu,
kwana a ƙasa, musu har asuba
kan yaƙi, kan tsadar haya, kan tekun da ke cin gaɓa.
Ashe ba mu kaɗai ba ne.
Osian ya yi barci a kafaɗata duk hanyar dawowa.

Da sanyi ya shigo, Thwaite ya tare ni a bakin ƙofa,
ya danƙa mini makulli mai nauyin guduma.
Yatsuna sun daina murɗa shi, ya ce.
Na ce ban ma tabbata na yarda da abin da kuka yarda ba.
Ya ce ƙofa ba ta tambaya.
Ki dai zo da wuri, ɗakin na daɗewa bai yi ɗumi ba.

Yanzu ni ke buɗewa.
In zubar da ruwan bokiti, in canja fure.
Matashin Winifred yana nan inda ta bar shi,
ba wanda ya iya ɗaukewa.
Yau wani saurayi da ɗan kunne ɗaya
ya tsaya a soro, takalminsa duk taɓo,
ya ce me ake yi a nan?
Na buɗe baki zan yi bayani,
sai na matsa masa a benci.
Ɗis, in ji bokiti.
Muka zauna.